Jan Malam Hambali

Duk unguwar Nukkai an san Malam Hambali da abu biyu: koyar da kemistiri da raina mutane. Jikan masu rinin Zariya ne da suka zauna a Jalingo, amma launi bai taɓa damunsa ba. Tun da ya sayi babbar waya ya daina kai ɗalibai ɗakin gwaji. Ba don rashin kaya ba. Makullin yana hannun Malam Simeon ne, mai kula da ɗakin, su biyun kuwa ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ni zan roƙi Simeon makulli? Allah ya kiyaye! Duniya ta koma intanet, shi yana can yana wanke kwalabe."

Sai ya sauko da bidiyo, ya ɗaga wayar a gaban aji kamar mai tallan atamfa. Wata Baturiya tana ɗiga asid cikin ruwa mai launin rawaya, ɗigo-ɗigo, har launin ya juya. Na gaba su leƙa, na baya su yi ta miƙa wuya a banza. 'Yarsa Kadijatu tana can baya, shi ya ajiye ta a wurin don kada a ce yana son kai. Yarinyar ta ƙwallafa rai a kan karatun haɗa magunguna, sai da kemistiri kuwa ake shiga.

"Da ya yi ja, ku tsaya. Kun ji? Ja!"

Abin haushin, ba ja ba ne. Ruwan goro ne. In ya kai ja, asid ya riga ya yi yawa, lissafi ya lalace. Shi ya sani sarai, amma a bakinsa komai ja ne, daga manja har bulo, kuma girman kai bai bar shi ya tambayi na baya abin da suka gani ba.

Ranar jarrabawar fita sakandare ta ɗakin gwaji, Simeon ya buɗe ɗakin. Hambali yana waje, yana leƙe ta taga. Ya ga Kadijatu ta murɗa bakin bututun gilashin da ke ɗigo da asid a hankali. Rawaya ta koma ruwan goro. Ransa ya ce, tsaya! Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da ɗigawa cikin natsuwa har ruwan ya yi jajir, sannan ta rubuta yawan asid ɗin da ta ɗiga.

Da aka tashi, Simeon ya fito da kwalbarta, ya ɗaga ta a rana.

"Malam, ga intanet naka. Rabin aji haka ya yi."

Hambali ya buɗe baki zai zage shi, sai ga Kadijatu da gudu, fuska cike da murna.

"Baba, na kowa bai kai nawa ba! Sai da ya yi ja sosai na tsaya, kamar yadda ka ce."