Kular Malam Bappa ta dawo ba a wanke ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe, a bakin ƙofar inda ake tsare da shi, na gane Malam Bappa ya bar mu.

Na kai masa abinci, aka miƙo min kular jiya. Na buɗe na ga tuwo ya bushe a jikinta, ga ƙashi an tauna an tofar a ciki. Malam ba shi da haƙoran tauna ƙashi. Kuma tunda aka kulle shi bai taɓa dawo mana da kula da datti ba, ko sabulu babu sai ya ɗauraye ta.

Na ce da mai tsaron ƙofar, "Yallaɓai, wa ya ci abincin nan?"

Ya kau da kai. Wani dattijo a cikin masu tsaron ne ya matso ya ce a hankali, "Baiwar Allah, daina wahalar da kanki. Malam ya rasu tun farkon mako."

Tun farkon mako!

Ke nan duk kwanakin nan muna dafawa, suna karɓa, suna cewa "zai samu." Jiya Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu, ce ta kai, har farfesu ta yi don an ce mana yana tari. Suka zauna suka cinye abincin mamaci, suka miƙo kula.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Bappa ne ya koya wa matan layinmu a Bagadaza karatu, a zaurensa, bayan ya yi ritaya daga koyarwa. Wannan rubutun da kuke karantawa, shi ya ɗora hannuna a kai ina da 'ya'ya huɗu. In na zo da goyo, shi yake karɓar yarinyar yana jijjigawa har in gama rubutu.

Laifinsa? Kwarin da ruwa ya haƙa a unguwarmu yana cin gidajen mutane duk damina. Ya tara mu, maza da mata, muka je ofishin gwamnati mu faɗi kukanmu. Ba wanda ya ɗauki ko tsinke. Da muka watse aka zo aka tafi da shi, wai ya tayar da hankalin jama'a.

Daga nan sai ɗage shari'a. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe babu motar kawo shi kotu, jibi yajin aiki. Matarsa ta riga shi rasuwa, shi ya sa mu ɗalibansa muka raba girki a tsakaninmu.

Ganina da shi na ƙarshe ya rame, amma bakin nan nasa yana nan. Ya ce, "Hajara, gishirin miyarki ya yi yawa. So kike ki gama da ni kafin alƙali ya samu lokaci?"

Na yi dariya, na ɓoye hawaye.

Ya ce zamanin soja ma an kulle shi, amma a lokacin ba wanda ya zo ƙofar gidansa neman ƙuri'a kamar yadda na yanzu suka yi. Sai ya tambaye ni, "Kwarin ya kai gidan su Goggo Adama?"

Na ce ya cinye katangar baya.

Mutumin da ba a taɓa yanke masa hukunci ba, ya mutu a hannunku, ku kasa aiko mana ko da yaro? Sai cikinku kuka sani? Tir!

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa wahalar nan ta zame masa kaffara, Ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya buɗe mana ido. Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba.

Na ce kabari, alhali ko shi bai samu ba. Ƙaninsa yana can tun hantsi, an ce ya jira Oga ya dawo ya sa hannu. Har yanzu ba a ba mu gawar Malam ba, ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa sallah ba.