Agogon da Ba Ya Son Natsuwa

A shekarar da aka ɗaga ni zuwa muƙamin sufeton makarantu na yankin Ngaski da Shanga, lokacin da duk umarninmu daga Sakkwato yake zuwa, na ga ya dace hannuna ma ya shaida wannan ƙarin girma. Akwai wani Alhaji a kasuwar Yelwa da ya dawo daga Makka da agogo biyu na ƙasar Turai, ba ya kuma fito da su sai ga wanda ya isa. Na tafi tare da abokina hedimasta, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, kuma tun muna ɗalibai babu wanda ya taɓa yarda ɗan'uwansa ya sha gabansa.

Na farko ruwan zinariya ne, sai an murɗa masa kai kowace safiya. Na biyu farin ƙarfe ne mai nauyi, ba ya bukatar murɗi, motsin hannun mai shi ne abincinsa. Na ɗauki na biyu, na faɗa a gaban duk mutanen rumfar cewa mutum mai matsayi ba ya yi wa agogo hidima.

Abokina ya ɗaura na zinariya, ya ce, "Madalla, Malam Sufeto. Daga yau a wurinka zan riƙa jin lokaci."

Sai dai mu an hore mu da tafiya a natse, ba a kaɗa hannu kamar soja. Aikina kuwa zama ne: zama cikin jirgin ruwa zuwa Wara, zama a bayan aji hannu bisa gwiwa. Ba a daɗe ba, wata rana bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida, abokina ya tambaye ni lokaci. Agogon kuwa ya tsaya tun da safe; kafin in rufe hannuna ya leƙo.

"Ikon Allah! Jama'a, ashe a Ngaski har yanzu hantsi ne."

Dattawa suka yi dariyar da ban ga dalilinta ba. Washegari na koma wurin Alhaji. Ya kara agogon a kunne, ya girgiza shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, agogo lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka motsi."

Na gwada kaɗa hannu a bayan rumbu, inda na zaci babu ido. Sai ga Inna, mahaifiyata.

"Kai, mi ya same ka? Kunama ta harbe ka?"

Da na yi mata bayani, ta ce in ba matata ta ɗaura idan za ta yi daka. Na gode mata da ladabi, amma na san kafin a tankaɗe garin labari ya kai bakin ruwa, daga nan kuma masunta su kai wa abokina.

Ranar wata Juma'a, ina fitowa daga masallaci, hannun babbar rigata na hagu, wajen da nake ɗaura agogon, ya zame. Na kwashe shi na aza a kafaɗa, sai na ji wani ɗan ƙara a cikin agogon, alamar ya samu abin da yake so. Babu wanda ya taɓa zargin babban mutum don ya gyara rigarsa. Na sa tela ya faɗaɗa hannun hagu na rigunana duka, don ya riƙa zamewa da kansa, ni kuma in riƙa mayar da shi cikin kamala.

Da muka sake haɗuwa a majalisa, abokina ya gyara murya. "Malam Sufeto, a taimaka mana da lokaci."

Na ɗaga hannu a hankali, na ce biyar saura kwata. Ya dubi nasa, ya sake dubawa, dattawa suna jira, ya ga babu bambancin ko minti ɗaya. Sannan ya ƙura wa kafaɗata ido, ya ce, "Wannan telan naka, a wace unguwa yake?"