Ranar da Gwaggo Ta Zuba wa Ma'aikatan Rake Bilic

Ɗiyar gwaggona ce, ni na laƙaba mata Kwalba, sunan kuma ya bi ta har gidan miji. Shekara goma sha ɗaya tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken noma. Kada farar rigar nan ta ruɗe ku, wanki take yi. Sai dai Allah ya ba ta kunne. Tun muna yara, in ana raɗa a ɗaki na uku, ita ce za ta leƙo ta gyara wa mai raɗar kuskurensa. To haka ta riƙa tsintar karatun masana tana cuɗa soso.

Da babansu ya rasu ya bar musu gonar rake. Shekara huɗu raken yana ramewa, har ya koma kamar tsinken tsintsiya. In ka tsotsa, kai ne za ka ba shi haƙuri. Yayansu, da muke kira Yaya Babba, direban babbar mota ne, maganinsa ɗaya: a ƙara takin zamani. Ya zuba, ya zuba, gona ta yi masa kunnen ƙashi. Ana nan wani mai buga bulo ya fara zarya, yana so ya sayi wurin ya kafa injinsa. Aka taru a ɗakin Gwaggo.

"Ni na gaji," in ji Yaya Babba. "A sayar kowa ya huta."

"Yaya, ka ba ni shuka ɗaya," in ji Kwalba. "In ba ka ga canji da idonka ba, ni zan riƙe wa mai bulo igiyar awo."

"Da me za ki gyara ta? Da sabulu?"

"Ɗaya dai na ce."

Ya ce ya ba ta, kowa shaida ne.

Ashe ta daɗe da lura da wani abu. A bayan rusasshiyar rumfar babansu akwai wani kurmin rake da ba a taɓa ba shi taki ba, amma ya yi ƙiba kamar ana ba shi abinci a ɓoye. Ta tono saiwarsa da ƙasar jikinta, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ta kai wa Dakta, matar da ke shugabantar ɗakin gwajin. Bayan mako shida Dakta ta kira ta, ta ce akwai baƙi a saiwar nan, kuma na arziki ne.

Ga yadda Kwalba ta yi mini bayani, don na sa ta maimaita sau uku. Wai akwai bakteriya, ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani, masu zama a saiwar rake, har cikin jikinsa. Wasu suna kamo naitirojin daga iska, abin nan da ake saye a buhun taki. Wasu suna narkar da abincin da ya ƙulle a ƙasa don saiwa ta iya sha. Wasu kuma suna sa saiwar ta yi gashi da yawa. Ladansu ɗan zaƙin da raken ke ba su. Na ce ma'aikatan da ba sa yajin aiki ke nan. Ta ce suna yi, in ka cika musu takin zamani sai su miƙe ƙafa, shi ya sa Dakta ta ce a rage takin, kada a daina. Dakta ta kuma ce ba ta yi alkawari ba, wata gonar tana karɓa, wata ba ta karɓa.

Aka ba ta jarka guda ta wani ruwa mai kalar wankin shinkafa. Ƙa'idar ita ce a sirka shi da ruwan rijiya, a ajiye a inuwa, a jiƙa guntayen raken da za a shuka a ciki kafin su shiga ƙasa. Ta haɗa a durom a tsakar gidan Gwaggo, ta rufe, ta tafi ɗauko irin.

Yanzu sai ku san wace ce Gwaggo. Shekara ashirin da takwas tana goge-goge a asibiti. Matar da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Ƙuda in zai ratsa gidanta sai ya share ƙafa. Ta fito ta ga durom, ta buɗe, ta shinshina, ta dube ni ina zaune ina shan rake.

"Kai, mene ne wannan mai tsami?"

Na ce, "Bakteriya ce, Gwaggo. Sun fi miliyan dubu."

Gaskiya na faɗa, a rubuta. Ban san ta shiga ɗaki ba, sai warin bilic na ji, ruwan nan na kashe ƙwayar cuta, har ta tuttula shi a durom.

Kwalba ta dawo da amalanke cike da iri, ta tsaya a bakin ƙofa tana jan hanci.

"Mama, me kika yi?"

"Na cece ki. Cuta durom guda a gidan da jikokina ke rarrafe?"

"Mama, ma'aikatana ne!"

"To sun yi ritaya."

Ban taɓa ganin Kwalba ta zauna a ƙasa da farar riga ba sai ran nan. Ta buga wa Dakta waya. Dakta ta ce abin da ya rage kwalba ɗaya ce ƙarama, kuma kafin a sake hayayyafa jarka guda sai an yi makonni. Iri kuwa an riga an sare, ba zai jira ba. Kwalba ta share ido, ta je ta karɓo. Abin ya ishi kunya goma sha biyu kacal cikin arba'in. Ta jiƙa nasu a bokiti, ta zauna a kan murfin da kanta, ta shuka su a gefen gabas. Sauran kunya ashirin da takwas aka shuka su haka nan. Ruwa ɗaya, rabin taki ɗaya, rana ɗaya. Ta kafa turaku ta ɗaura tsumma a iyakar.

Wata biyu ba a ga komai ba. Yaya Babba in ya dawo daga tafiya sai ya ce, "Ina ma'aikatan? Ko ba su karɓi takardar kama aiki ba?" Mai bulo har ya fara sauke yashi a bakin hanya. Kwalba kuwa ta ci gaba da hidimarta. In ta tashi daga aiki sai gona, ta yi ban ruwa, ta cire ciyawa, ta durƙusa tana ƙirga 'ya'yan da kowane gindi ya fitar.

A wata na huɗu gabas ta fara duhu. A na shida tsumman ma bai da amfani, makaho zai nuna maka iyakar da sandarsa. Ni na ce raken ya kai tsayin bene, tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙarshensa. Kwalba ta ce in daina ƙarya, kamu biyu ya fi na yamma, sai kauri da yawan 'ya'ya. To kamu biyun ma ai a fili yake.

Ran da mai bulo ya zo da igiyar awonsa, Yaya Babba ya riga shi shiga gonar. Ya tsaya daidai turakun, ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Ruwan bana ne ya yi kyau," in ji mai bulo.

"Ruwan ya san gabas bai san yamma ba?" in ji Yaya Babba.

Da durom ɗin nan ya tsira, da gonar duka ta yi kyau, da ruwan sama ne zai kwashe yabon, mai bulo kuma ya samu bakin magana. Gwaggo da ta ji na faɗi haka ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ita dama ta san abin da take yi.

Yaya Babba ya sari kara ɗaya daga gabas, ya ɓare da haƙori, ya tsotsa, ruwan na bin gemunsa. Sannan ya juya ga mai bulo.

"Malam, ka kwashe yashinka, ya tare mana hanyar amalanke."

Ya dubi ƙanwarsa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure.

"Jarka nawa za ta ishi gonar duka?"

"Ɗaya," in ji Kwalba. "Kuma kai za ka ɗauko ta, a gaban mota, ba a baya cikin rana ba."