Kular Idanu

Daga Bomo

Ana sallame sallar asuba na hau acaɓa daga Bomo, rungume da kula cike da ƙanƙara. Mayankar Sabon Gari na nufa, neman idanun shanu. A cikin ƙwayar ido akwai wani ƙaramin furotin mai gadin 'yan uwansa, yana hana su dunƙulewa kamar farin ƙwai a wuta. Idan sinadarin fosfet ya manne masa, sai tarinsa ya watse ƙungiya-ƙungiya. Abin da nake bincike a jami'a ke nan: watsewar nan, ƙarfin gadi take ƙara masa, ko ita ke buɗe wa yanar ido ƙofa? Idanun kuwa da zarar sun ɗumama, aikina ya tashi a banza.

Mayanka

Mahaucin ko gaisuwata bai amsa ba. Yana ƙwaƙulowa yana jefawa, kowanne ya faɗa kan ƙanƙara yana kallona. Na rufe kular da sauri.

PZ

A wannan tashar na shiga bas ɗin Samaru, inda jami'ar take. Kwandasta, sarkin shisshigi, ya ɗaga murfin kular, wai ya zaci zoɓo ne. Ya yi salati ya ja da baya.

"Matsafiya ce!" in ji wani daga baya.

Nan da nan aka kewaye motar, na hango wani ya duƙa yana laluben dutse. Na fara bayanin fosfet, ni kaina na ji kamar surkulle nake karantawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ga ruwan ƙanƙara yana ɗiga a ƙafata.

Wata tsohuwa da ke gefena ta ce, "'Yar nan, maganin yanar ido kika ce?"

"Ba a kai ga magani ba, Iya. Nema nake."

Ta yaye mayafinta ta juya wajen taron. Idanunta biyu fari fat, ba ta ko ƙiftawa.

"To ku kalli nawa. Direba, ja mu tafi."

Taron ya ba da hanya, direba ya ja motar.

Samaru

Na isa ɗakin bincike da sauran ƙanƙara, bayan la'asar na koma Bomo ina gode wa Allah. Tsohuwar har yau ban san sunanta ba. Da za ta sauka a hanya, ta lalubo hannuna, nata sanyi ƙalau.

"Ki yi sauri," ta ce. "Ina jira."