Takardar da ta jawo wa mahaifina bulala

Shekarun baya, lokacin da shari'a ta shigo Jigawa da zafinta, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Dutse. Farar riga nake sawa, ina jin kaina rabin likita, alhali rabin aikina wankin kwalabe ne.

Mahaifina yana ƙauyenmu a yankin Buji, mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana kiwon tumaki. A lokacin ya fara mantuwa. Sai ya yi sallar azahar sau biyu, ko ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu. Muka ce tsufa ne.

Wata ranar kasuwa ya ga wata tunkiya a ɗaure, ya kwance ta ya nufi gida. A tunaninsa tasa ce, wadda ya sayar tun ina firamare. Samari suka bi shi da ihun ɓarawo, har aka kai maganar gaban alƙali.

Da ƙanina ya zo ya faɗa mini, na ce masa, "Kwantar da hankalinka, aikina ne." Na je na ɗebi jinin Baba, na auna duk abin da muke iya aunawa, na rubuta sakamakon a takarda, na buga hatimi, na kai kotu ina taƙama.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mahaifina ba shi da lafiya, ƙwaƙwalwarsa ce."

Alƙali ya karanta takardar ya ɗago. "To ai takardarka cewa ta yi jininsa lafiya ƙalau. Ina shaidar ciwon?"

Sannan ya ce ba a ɗauke tunkiyar daga ma'ajiya ba, don haka babu batun yanke hannu, amma za a yi masa bulala goma. Mutanen da Baba ya yi wa alƙawarin ba su tumaki kiwo, waɗanda suka ci tuwonsa shekarar yunwa, suna zaune, ko ɗaya bai miƙe ya ce tsohon nan ya rikice ba. Da aka gama, Baba ya juyo ya ce mini, "Wai me na yi musu ne?"

Bayan rasuwarsa da shekaru aka tura ni kwas. Wata malama ta ɗora salar ƙwaƙwalwar wani mamaci a kan gilashi, ta ɗiga masa wani rini, ta ce in leƙa madubin ƙara girman abu. Na ga ɗigo-ɗigo kore suna ƙyalli kamar idon kyanwa. Ta ce wani sinadarin jiki ne, furotin, ya dunƙule a ƙwaƙwalwa, rinin yana manne masa ya haska shi, kuma wannan dunƙulen shi ke tare da irin mantuwar Baba. Gwajin da na yi wa Baba ba zai taɓa nuna shi ba.

Sauran ɗalibai suna ta mamaki, ni kuwa fita na yi, don haushi. Ciwon yana nan, yana da kamanni, mu ne ba mu da idon ganinsa. Haushin alƙali nake ji, da na maƙwabta, amma nawa ya fi.

Bara ɗiyata ta je ƙauyen karo na farko ita kaɗai. Ta tambayi wani mai acaɓa gidan kakanta, ta faɗi sunansa. Ya ce, "Au, gidan ɓarawon tunkiya? Hau mu je."