Shekarun da Zuma Ta Ƙi Amyata

Sana'ar gidanmu zuma ce. Mahaifina ya koya mini saƙa amya, wato dogon kwandon ciyawa da ake yaɓewa da kashin shanu, a turara shi, a ɗaure a kan reshe don ƙudan zuma su shiga su yi saƙa. Da ya rasu ya bar mini itatuwansa a dajin da ke bayan ganuwar Birnin Gwari: ɗorawa uku da wata tsohuwar kaɗanya, duka a bakin ƙorama ɗaya. A wurinmu, itacen da uban mutum ya ɗaura wa amya nasa ne, ba mai hawa, kuma ɗa ba ya sauya wuri. Ban taɓa jin malamin da ya ce dole ne ba. Haka muka tarar, haka muke yi.

Ina da kamar shekara arba'in ƙudan suka daina zuwa. Ranin farko na hau na tarar da amyoyin fayau, sai ƙadangare a cikin ɗaya, ya dube ni kamar ni ne baƙon. Na sake turare, na sake yaɓe. Rani na biyu ma haka. Fataken da ke yada zango a garinmu suka daina tambayar gidana.

Ina da maƙwabci, tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi hawan itace. Danga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, da 'yar kafa da muke ratsawa ba sallama. Amyoyinsa suna ta wajen hanyar Kakangi, kuma a shekarun nan biyu har tuluna ya ara don zuba zuma. To, sai na kama wata tambaya na riƙe: wa ya yi mini wannan? Da ita nake tashi, da ita nake alwala. Tambaya ce da ke zuwa da amsarta a hannu, don duk lokacin da na yi ta, fuskar maƙwabcina nake gani.

Na karɓo rubutu na yayyafa wa amyoyin. Na gajarta gaisuwa, na sauya sahu a masallaci. Daga baya na samo zana na toshe kafar dangar, na ce wai awaki ne ke shigowa. Maƙwabcina ya daina ratsowa. Ni kuwa ƙarfina ya tafi. Sai in jiƙa ciyawar saƙa in bar ta ta ruɓe. Na yi kewarsa ƙwarai, kuma na ji haushin kaina da nake kewarsa.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke sauka da shanunsa a gefen dajin kowane rani, a wurinsa nake ɗibar kashin yaɓe. Wata rana da hantsi ya same ni zaune a gindin kaɗanyar, na ɗaga kai ina hararar amya.

Na ce, "Baffa, kai da kake yawo a dajin nan, wa kake gani ya yi mini wannan aiki?"

Ya jingina da sandarsa ya ce, "Ni ban san mutanen birni ba. Amma yaushe rabonka da ganin ruwa a ƙoramar nan da rani?"

Na juya na duba. Yashi ne fari fat. Shekara biyu ina tsallake shi, idona na sama.

Ya ce, "Tun babban ruwan nan na shekarun baya ta sauya hanya. Ni ma na daina shayarwa a nan. In saniya ta ƙi wuri, ba na tambayar wa ya zuga ta, ina duba inda ta nufa ne. Su ƙudan naka ba sa shan ruwa?"

Ya kaɗa shanunsa ya wuce. Bai san ya yi wani abu ba, kuma ban gode masa a ranar ba.

Washegari na bi yashin har inda ruwan ya koma, can cikin wani kurmi, tafiyar rabin wuni. Ga ƙudan zuma nan a kan laka, suna sha suna tashi. Na zauna ina kallon inda suke dosa. Daga nan tambayoyin suka yi ta zuwa, kuma kowace sai ta tashe ni tsaye: wane itace ne ke fara fure a nan, ta ina iska ke bugowa, wane reshe zai ɗauki amya. Tsohuwar tambayar ba ta taɓa sa ni ɗaga ko tsinke ba. A mako guda na saƙa amya shida, na kai su kurmin na ɗaura.

Ina cikin saƙar ne na tambayi kaina me ya rage mini, na ga ashe da yawa. Hannuna bai manta ba, ƙafata tana hawa, dajin bai ƙare ba. Abin da mahaifina ya bar mini yana jikina, ba a bakin ƙorama ba. Na yi wa Allah godiya irin wadda na daɗe ban yi ba.

Da na ɗebi zumar farko, na cika ƙwarya, na kwance zanar da hannuna, na ratsa da safe. Maƙwabcina yana zaune yana gyaran igiya. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi kafar dangar.

Ya ce, "Awakin sun daina shigowa ke nan?"

Na ce, "Ruwa ne ya ƙaura."

Ya ce, "Na sani. Ni ma na ga ƙoramar ta ƙafe. Sau biyu na zo bakin dangar nan in gaya maka, na tarar da zana."

Ya lakato zumar ya ɗanɗana, ya ce hayaƙi ya yi yawa, kamar kullum. Sannan ya matsa ya ba ni gefen tabarma.