Sallau Mai Motar Kara da Jirgin Shatu

Haihuwa da Ƙuruciya

A garin Matankari ta ƙasar Arewa aka haifi marigayi Sallau, cikin shekara ta 1904. Mahaifinsa Tukur masassaƙin turame ne, mahaifiyarsa kuwa Ajuma, mutuniyar Sukukutane. Ya yi karatun allo gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa, bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, sannan ya kama sana'ar gidansu, ko da yake mahaifinsa ya sha kuka da shi cewa hannunsa ya fi son ƙananan abubuwa, turmin da ake jira yana ajiye, shi yana can yana fere kara.

Aiki

A shekara ta 1926 aka kwashi samarin garinsu aikin tilas na gyaran hanyar da ta ratsa Dogon Dutsi, kuma a nan ne ya fara ganin kamiyo, wato babbar motar kaya, da idonsa. Mutane suka watse, Sallau kuwa ya matsa har ya dafa ta. Daga ranar ya samo ƙa'idar da bai saɓa ba har ƙarshen rayuwarsa: ba ya kwaikwayon mota sai ya auna ta da damtsensa, kowane kamu ɗaya ya mai da shi faɗin yatsa ɗaya. Da busasshen karan gero yake gina jikinta, ya haɗa da ƙayar aduwa, ya liƙe da ƙaro, ya yanko ƙafafu daga sakaina, ya shafe ta da shuni ko jar ƙasa. Bayan an sallame su ya zauna a Dogon Dutsi yana sassaƙa da noma. Ba ya sayar da motocinsa, kuma kowace damina gara ta cinye su, kowace kaka ya sake wasu, ko a jikinsa.

Aure da Zuriya

Ya auri Hure 'yar Liman Mamman a shekara ta 1929, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. A shekara ta 1941 ƙyanda ta kama autarsu Shatu tana 'yar shekara uku, ta tashi amma idanunta ba su tashi ba. Wannan jarrabawa ta girgiza Sallau ƙwarai, ya yi watanni bai taɓa kara ba. Abin da ya dawo da shi aikinsa shi ne yarinyar ta riƙa tambayarsa mene ne ke ruri a kan hanya. Ya gina mata kamiyo ya ɗora a cinyarta, ta bi ta da yatsu tun daga hanci har baya, ta yi dariya. Tun daga nan duk motar da ta tsaya a garin, ta kumandan Baturen mulki ce ko ta 'yan kasuwar gyaɗa, sai Sallau ya roƙi direba ya auna ta, domin Shatu ta gan ta da hannu.

Batun Jirgi

Jirgin sama ne ya gagare shi. Shatu tana jin rurinsa idan ya ratsa, ta kuma nace sai an nuna mata. A shekara ta 1949 mahaifin ya karya ƙa'idarsa, ya gina abin da ya hango daga ƙasa, ya ƙarasa sauran da zato: ya yi masa dogon wuya, ya lanƙwasa fukafukai, har da 'yan ƙafafu masu yatsu, don a tunaninsa abin da ke tashi dole ya sami abin sauka. Shatu ta shafa, sannan ta ce, “Baba, wanga ai shamuwa ta.” Gidan ya ɗauki dariya, Hure har da riƙe ciki, amma shi abin ya yi masa zafi, domin ya san hannun yarinyar ba shi da wata shaida sai tasa. Ya yi mata alkawari cewa ba zai sake miƙa mata abin da bai auna ba.

Shekaru suka wuce bai sami hanya ba, har rawar hannu ta fara kama shi. A daminar 1958 ya hau kamiyo zuwa Yamai, babban birnin ƙasar, ya nemi wani Mahamadu, tsohon soja ɗan Kiyeshe mai gadin filin jirgi, wanda ya roƙa masa izinin shiga cikin masu wanke jirgi. Sallau, dattijo mai furfura, ya ɗauki tsumma, yana wanki yana aza damtse, yana haddace awon a ka. Da ya dawo sai ya tarar da wani jiran, domin ɗanyen kara yana motsewa ya ɓata awo, dole sai an yi girbi ya bushe. Ya jira, jiki na ƙara rauni.

Rashin Lafiya da Rasuwa

Bayan kaka ya gama jikin jirgin da fiffike ɗaya, daga nan wuƙa ta ƙi tsayawa a hannunsa. Baƙin cikin wannan ya fi masa ciwon. Sai Shatu, wadda a lokacin take da shekara ashirin, ta zauna a gefen shimfiɗarsa, ta auna fiffiken da ya gama da yatsunta, ta fere na biyun, ta soke shi da ƙaya, ta ɗaga masa. Ya duba ya daɗe, sannan ya ce, “Haka yake, Shatu. Wallahi haka yake.”

Allah ya yi masa wafati a watan Disamba na shekara ta 1958, yana da shekara hamsin da huɗu. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka yi masa sutura a maƙabartar Dogon Dutsi. Allah ya jiƙansa da rahama. Ya bar matarsa Hure da 'ya'ya huɗu: Umaru, direban kamiyo a Doso; Ramatu, mai aure a Tibiri; Idi, wanda ya gaji sassaƙa; da Shatu, wadda duk lokacin da jirgi ya ratsa saman gari mutane suka ɗaga kai, ita ke gaya musu inda ƙofarsa take da inda matuƙi ke zama.